Ciyawar zomo da kashin yawo: wacce za ka yanka wa dabba, wanne za ka tuge ka ƙona

Jama'a assalamu alaikum. Tunda ruwa ya zauna ko'ina ya yi kore daga Garwa har Marwa, toh lokacin ne kuma ake tura yara da buhu da lauje su je su yanko ma zomaye da tumakin gida ciyawa, kuma lokacin ne masu gona ke tsaye a bakin kunya suna tunanin wanne haki za su fara bi da fartanya wanne zai iya jira. Akwai haki biyu da nake so mu zauna a kansu sabida dangi ɗaya ne, sau da yawa a juji ɗaya suke fitowa, kuma suna ƙanana in ba ka saba ba sai ka ɗauka abu ɗaya ne. Ɗaya ita ce wadda masu kiwo ke ce ma ciyawar zomo, a wasu rubuce-rubucen Najeriya za ka ga an sa mata harantama, malaman tsirrai kuma Tridax procumbens suke kiranta. Ɗayan kuwa kowa ya san shi ko da ƙafarsa ce ta gaya mai, kashin yawo, a littafi Acanthospermum hispidum. Ita abinci ce, shi kuma yana taɓa hantar dabba, dan haka ba ƙaramin abu bane yaro ya haɗo su a buhu ɗaya.

Dukkansu baƙi ne a ƙasar nan duk da yanzu sun fi mu zama 'yan gari. Asalinsu yankunan zafi na nahiyar Amurka. Ita tun 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta ta a littafinsa, shi kuma sai 1836 wani masani ɗan Suwizalan mai suna de Candolle ya sa mai sunan da ake amfani da shi har yau. Danginsu ɗaya da shuwaka da ɗayi da tazargade da salak ɗin da ake nomawa a lambu, kuma alamar dangin ita ce abinda muke kallo a matsayin fure ɗaya ba ɗaya bane, curi ne na ƙananan furanni da yawa da suka cunkushe a kai guda, in ka tsaga shi da farce za ka gansu a jere kowanne da ɗan irinsa a ƙasa. Bayan haka su biyun ganyensu bibbiyu yake fitowa, ɗaya na kallon ɗaya a kowace gaɓa, su biyun suna da gashi a jiki, kuma ko ka karya su ba sa fidda nono. Iyakar kamarsu kenan, daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Abu na farko da za ka duba tun daga nesa kafin ma ka sunkuya shine tsayuwa. Ciyawar zomo ba ta tsayawa, kwanciya take yi ta bazu a ƙasa ta kowane gefe, bakin reshen ne kawai yake ɗan ɗagowa sama, kuma duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa mai laima tana iya sake saiwa a wurin ta riƙe, shi ya sa in ka ja reshe ɗaya sai ya tsinke a hannunka ya bar maka uwar a ƙasa. Karanta siriri ne mai saurin karyewa. Kashin yawo kuwa miƙewa yake yi tsaye abinsa, daga santimita 30 har kusan mita ɗaya in ya samu taki, kuma yana da wata ɗabi'a da ba ta ɓuya, karan in ya tafi sai ya rabu biyu, kowane reshe ya ƙara tafiya ya sake rabuwa biyu, haka haka har sama, kaman gwafar da yara ke ɗaura ma danƙo su harbi tsuntsu. Wallahi in ka riƙe wannan kaɗai ma ya isa ka raba su da zarar sun kai wata ɗaya da rabi, dan ita ba ta wannan rabuwar a tsare haka.

Matsalar tana wurin ƙanana, masu ganye huɗu ko shida, lokacin ita ba ta kwanta ba shi kuma bai rabu ba. A nan sai ka kama ganyen da hannu. Nata yana da ɗan gajeren wuya da ya raba shi da kara, faɗinsa yana wajen gindi sannan ya tafi ya tsuke ya yi tsini, gefensa da manyan haƙora marasa tsari, wani lokaci haƙori biyu na ƙasa su yi girma har ganyen ya zama kaman mai kunnuwa, tsawonsa santimita 3 zuwa 7 haka, launinsa kore mai duhu, kuma in ka shafa shi kaushi ne da shi sosai yana kartar yatsa. Nashi ba shi da wuya ko kaɗan, manne yake a jikin kara, gindinsa ne a tsuke faɗin yana tsakiya ko gaba, haƙoran gefen ƙanana ne wasu ganyen ma kusan ba su da su, korensa ya fi haske, gashinsa ya fi laushi da yawa, kuma in ka murza shi yana da ɗan danƙo da wani ƙamshi mai hawa kai sabida ƙananan ɗigon mai da ke bayan ganyen. Nata in ka murza warin ɗanyen haki kawai za ka ji. Sannan ka duba ƙasan wurin, in ka ga busassun ƙayoyin bara a warwatse toh kusan duk tsiron da ke wurin 'ya'yansa ne, kar ma ka wahalar da kanka.

Fure kuwa shi ne ke kashe gardama gaba ɗaya. Ita tana ɗaga furenta sama a kan wani dogon siririn sanda mara ganye, santimita 10 zuwa 20 wani lokaci har ya fi, sanda ɗaya kai ɗaya, tsakiyarsa rawaya, gefe kuma ƴan gajerun harsuna farare masu ɗan ruwan madara galibi biyar ko shida, kowane harshe bakinsa a tsage gida uku. Da safe in ka wuce ta filin lekol ko gefen gudiron za ka gansu suna ta kaɗawa a iska, malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma suna ta sauka a kai, masu amya ma su lura da wannan dan tana fure kusan duk shekara in dai akwai laima. Shi kuwa furensa sai ka nema, ɗan mitsitsi ne rawaya-kore, ba sanda ba komai, a zaune yake daram a tsakiyar inda reshe ya rabu biyu ko a hammatar ganye, mutane da yawa sun shekara suna taka kashin yawo ba su taɓa ganin furensa ba, su dai kawai sun wayi gari sun ga ƙaya.

Kuma ƙayar ita ce 'ya'yan. Kowane kai yana fidda 'ya'ya biyar zuwa goma a jere a zagaye siffar tauraro, kowane ɗa tsawonsa wajen milimita 6, gindi a tsuke kai da faɗi, jikinsa duk ƴan ƙugiyoyi, sannan a samansa dogayen ƙahoni biyu masu tsini a buɗe. Ƙugiyoyin su ke kama gashin tunkiya da jelar saniya da bakin zani da wando, ƙahonin kuma su ke shiga ƙafar mutum da tsakanin kofaton akuya har ta yi ta ɗingishi wurin ya kumbura ya yi ruwa. Irin ciyawar zomo ba ya soke kowa, ɗan baƙi ne siriri wajen milimita 2 da gashi mai laushi a kansa, in kan ya bushe sai ya buɗe ya zama curin gashi ruwan toka, iska na zuwa ta kwashe, an ƙiyasta gindi ɗaya yana iya zubar da iri har 1500. Wato ita iska ce motarta, shi kuma dabba da mutum, kuma wannan ne ya sa wuraren zamansu suka bambanta duk da suna haɗuwa a wasu.

Bari in daɗe a nan kaɗan dan wurin da haki ya fito yana gaya maka ko waye tun kafin ka taɓa shi. Kashin yawo bin sawun dabba yake yi. Mashekarin shanu, tsohon turke, burtali, bakin rijiya da bakin tafki inda ake shayarwa, bayan gari inda ake zubda shara da kashin awaki, gindin bishiyar da tumaki ke hutawa da rana, kewayen kasuwannin dabbobi irin na Adumri da Bogo da Pitowa, duk inda ƙasa ta sha tattaki ta sha taki kuma tana da rairayi toh nan ne gidansa. Kuma dalilin da yasa yake cika irin wuraren ba wai ya fi sauran ciyayi ƙarfi bane, dabbobi ne ke cinye masu daɗin su tsallake shi, shekara kaɗan sai ka ga fili ya koma shi kaɗai. Ni a ganina in makiyayar unguwa ta cika da kashin yawo ba laifin hakin bane, alama ce dabbobin sun fi ƙarfin filin, ko an tuge shi bana in ba a rage kiwo a wurin ba baɗi zai dawo. Shekara ɗaya yake rayuwa, ya tsiro da ruwan farko, ya yi fure cikin damina, wajen Satumba da Oktoba ƙaya ta nuna, ya bushe a tsaye da ƙayarsa yana jiran mai wucewa duk tsawon rani.

Ita kuma 'yar gari ce mai son rana da ƙasar da ruwa baya kwanciya. Gefen gudiron, gindin katanga, tsagin siminti, kan tsakuwa da burji, filin ƙwallo, harabar ofis da aka daina sharewa, maƙabarta, gefen layin dogo a Ngaundere, saurar gona mai jigawa, da kuma gonakin gyaɗa da auduga da masara. Tana da doguwar saiwa guda da ke nitsewa ƙasa shi ya sa take jure fari fiye da yadda jikinta ya nuna, in damina ta wuce sauran haki sun ƙone ita za ka same ta da ɗan korenta a bakin lambatu, gindin famfo, bayan banɗaki inda ruwan wanka ke bi, da lambunan bakin Binuwai da na ƙasan madatsar Lagdo. Inuwa mai duhu ba ta yi mata, ƙarƙashin mangwaro mai cika ba za ka same ta da yawa ba. Karal kuwa, laka mai riƙe ruwa inda ake dasa masakwa, su biyun duk ba wurinsu bane, wanda gonarsa ke can damuwarsa wasu ciyayi ne daban.

Yawan ruwan sama ma yana canza lissafi. Garwa tana samun wajen milimita 1000 a shekara, Marwa wajen 800, in ka haura Kusiri da Njamena ya sauko ƙasa da 600, Ngaundere kuma ta kai 1500. A Garwa da Gidar da kudancin Chadi wajen Mundu su biyun suna nan birjik. In ka yi arewa sosai ita sai ta koma bin inda ake ban ruwa, lambunan bakin Logon da Shari da cikin gidaje, shi kuwa ko a jikinsa, yana nan a bakin kowace rijiya. Ƴan uwanmu na Ngaundere su kuma nasu aikin ya fi yawa dan a can akwai wasu ƴan dangin guda biyu da ke shiga tsakani, ɗaya mai taushin ganye da curin fure shuɗi-shuɗi ko fari mai warin bunsuru in an murza, Ageratum kenan, wannan kar a ba zomo dan yana da sinadarin da ke lalata hanta a hankali, ɗayan kuma Bidens mai kara mai kusurwa huɗu da baƙaƙen allurai masu kama wando, shi ganyensa a rabe yake gida uku ko biyar dan haka ba ya rikita mutum.

Toh yanzu maganar ciyarwa. Zomo yana son ciyawar zomo sosai, ɓeran masar ma haka, tumaki da awaki suna ci, kaji ma suna tsattsagar ganyen in an jefa musu. Amma kar wani ya ji haka ya ce ya huta da sayen dusa, ganyen ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, zomon da aka ɗora a kanta ita kaɗai zai rayu amma ba zai yi nauyin da kake so ba, mai shayarwa kuma za ta rame. A haɗa ta da harawar wake ko ta gyaɗa, ganyen dankali, ɗan zogale, da dusar masara ko ta dawa. Kuma a yanko ta da hantsi bayan raɓa ta bushe, a baza a inuwa ta ɗan yi yaushi kafin a zuba, sabida jiƙaƙƙen ɗanyen haki da aka cusa a buhu ya yi zafi shi ke kawo kumburin ciki da zawo musamman ga ƴan yaye. Harawa kuwa ba ta yi, in ta bushe ganyen marmashewa yake ka tashi da tsinke, dan haka amfaninta ɗanye ne, kuma babban darajarta shine tana nan a watannin da babu wani kore.

Inda ake yankowa ya fi komai muhimmanci kuma nan ne yara ke ganganci. Wadda ta fi kyau da ido sau da yawa ita ce ta bakin babbar hanya da ta bakin lambatu, wadda ta sha hayaƙin kamiyo da baƙin mai da fitsarin karnuka da ruwan kwata. Ta gefen gonar auduga kuma ta sha maganin ƙwari dan auduga ana mata feshi akai-akai duk damina, iska na kai shi har bakin gona, zomo kuma ba shi da jikin ɗaukar wannan. Hajiya in kina tura almajiri ko ɗanki yankan ciyawa ki tambaye shi daga ina, kuma ki zazzage buhun a ƙasa ki duba kafin ki zuba, minti biyu ne.

Shi kashin yawo dabba mai zaɓi ba ta cin shi, warin da gashin suna korarta. Haɗarin yana wurin dabbar da ke ɗaure ko a keji wadda abinda aka zuba mata shi za ta ci, da kuma lokacin da ya bushe ya shiga cikin harawa ba a gani ba. A 1978 likitocin dabbobi a Jami'ar Khartum ta Sudan sun gwada ciyar da awaki shi, awakin suka kama zawo da rashin ƙarfi, da aka duba cikinsu aka samu hanta da ƙoda sun lalace harda zubar jini. Ba wai ganye ɗaya zai kashe maka rago ba, a'a, yawan ci ne kwana da kwanaki, amma me zai sa ka gwada da ragon layyar da ka zuba ma kuɗi. Ƙayar kuma ko ba a haɗiye ba tana yanka baki da dasashi, dabba ta daina cin abinci kai kana ta neman ciwo a wani wuri.

A gona fa labarin ya ɗan juya, dan a nan ita ma ba waliyyiya bace. Cikin gyaɗa ciyawar zomo tana shimfiɗuwa ta rufe ƙasa daidai lokacin da gyaɗa ke son sararin da za ta soka ƙafa, tana tsotse laima da takin zamanin da ka saya da tsada, kuma sabida tana zuba iri ba ƙaƙƙautawa, ka nome yau sati biyu wasu sun tsiro. Masu binciken CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, Le Bourgeois da Merlier, da suka fitar da littafin Adventrop a 1995 kan ciyayin gonakin yankinmu, aikin da yawancinsa a gonakin audugar arewacin Kamaru aka yi shi, su biyun duk sun sa su cikin hakin da ke damun manomi. Sai dai irin ɓarnar ba ɗaya ba. Ita gasa take da shuka, ta rage maka buhu. Shi yana gasa kuma ya ƙara da mugunta a lokacin girbi, masu tugar gyaɗa hannu duk jini, masu ɗibar auduga suna tsallake layin da ya cika, ƙayar ta maƙale a farar auduga ba ta fita, ka kai kasuwar kamfanin auduga, SODECOTON a Kamaru ko Cotontchad a Chadi, a ce kayanka da datti a sauke maka daraja, harawar gyaɗar da za ka sayar da rani ita ma mai saye ya sa hannu ya soke ya ajiye. Dan haka in hannu ya yi kaɗan kuma dole ka zaɓi wanda za ka fara bi, ni kashin yawo zan ce, ba ko tantama.

Yadda ake kashe su ma ya bambanta. Shi mai sauƙi ne in an yi da wuri, saiwarsa ba ta da riƙo sosai, bayan ruwa ka kama gindi ka ja ya fito gaba ɗaya kuma ba ya sake tohowa, noman fari da maimai in an yi su kan lokaci sun gama da shi. Amma in ka bari tauraron nan ya fito, ko kore ne, toh kar ka tuge ka yar a kunya dan zai ƙarasa nuna a kwance, tara shi za ka yi wuri ɗaya ya bushe ka sa wuta, kuma kar ka jefa shi ramin taki. Takin turke ma a kula, mutum da kuɗinsa yake sayen amalanken taki ya kai gona ya shuka ma kansa kashin yawo, in takin daga inda hakin ya yi yawa ne gara a tara shi a jiƙa ya ruɓe sosai kafin a baza. Ita kuma ja da hannu ɓata lokaci ne tunda tsinkewa take, sai fartanya ta shiga ƙasa ta yanke saiwar, kuma in ka nome ta da yamma aka yi ruwa da dare rabi za su sake kamawa, gara ranar da rana ta buɗe a kifa ta saiwa sama. Irinta haske yake so, wanda ke saman ƙasa shi ke tsirowa, wanda garmar shanu ta binne da zurfi ba ya iya fitowa, shi ya sa gonar da ake huɗa mai kyau ta fi wadda ake feshi kawai a shuka sauƙinta.

Tunda na ambaci feshi, masu dogaro da maganin kashe ciyawa na glyphosate kowace shekara su sani a Ostareliya an riga an tabbatar da ciyawar zomon da maganin ya daina kashewa, kuma hanyar da aka bi aka kai can ita ce maimaita magani ɗaya a gona ɗaya. Maganin 2,4-D yana kashe su biyun cikin masara da dawa in suna ƙanana, amma auduga ba ta haɗa hanya da shi ko kaɗan, ɗan abinda ya rage a bidon ko wanda iska ta ɗauko daga gonar maƙwabci ya isa ya murɗe mata ganye, gyaɗa da wake ma ba a fesa musu. Wanda bai iya ba ya tambayi malamin gona na yankinsa ko mutanen IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, kafin ya sayi sashe a kasuwa wurin wanda shi ma bai iya karanta takardar jiki ba.

Wajen magani kuwa kowanne da masu yabonsa. Ciyawar zomo an san ta da tsaida jini, manomi in lauje ya yanke shi sai ya murje ganyen ya matsa ruwan a kai, ana haka a nan ana haka a Indiya, ga ƙaramin yanka a daji kafin a iso gida ba laifi in ganyen mai tsafta ne, amma rauni mai zurfi ko na tsohon ƙarfe wankewa yake so da allurar tetanus. Kashin yawo ana dafa shi a sha dan shawara da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma nan ne ni nake ja da baya, abinda aka nuna yana lalata hantar akuya shi za ka ɗura ma mutumin da idonsa ya riga ya yi rawaya sabida hantarsa na ciwo, ba tare da awo ba, wani ma yaro. Mai ciwon shawara ya fara zuwa a gwada jininsa a ga ko ciwon hanta ne na ƙwayar cuta ko maleriya ce. Akwai ma wata ƴar ƙaramar dangin nasu da masu magani ke nema, rariyar ƙasa, Chrysanthellum, wadda har a Faransa ake sayar da ita a kantin magani, ita ba ta da gashi ko kaɗan, ganyenta a yayyanke yake siri-siri kuma ɗaɗɗaya yake fitowa ba bibbiyu ba, furenta duk rawaya ne ciki da waje, ba ta cika wuce tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu ba, dan haka wanda aka aika nemanta ya dawo da abu mai kaushi ko mai farin harshe toh ba ita ya kawo ba.

Sauran masu rikita mutane ba dangin bane ma. Tsidau yana da ƙaya kuma yana huda tayar keke amma kwance yake, ganyensa ƙanana a jere kan tsinke, furensa rawaya mai kunne biyar. Ƙarangiya ciyawa ce dangin gero. Babba juji yana yaɗo kaman ciyawar zomo sai dai ganyensa zagaye ne mai santsi da fari a baya, furen ja-ja. Nonon kurciya kuwa karya shi kawai, nono zai fito.

Wanda ke da zomaye a cikin gari, a Garwa ko Marwa ko Njamena, kuma ba shi da gona kusa, ni shawarata ya ware ɗan wuri a bayan gida inda ruwan alwala da na wanke-wanke mara sabulu da yawa ke bi, ya tsinko busassun kawunan ciyawar zomo ya murje a saman ƙasa kar ya binne, ya yayyafa ruwa, cikin ƴan makonni za ta rufe wurin, yana yanka daga sama yana barin gindi tana sake tohowa har rani ya fita, ya huta da ta bakin kwata. Wanda gidansa ke jikin gonar gyaɗa ko auduga, tashi ko ta maƙwabci, shi kuma ya riƙa yanke ta tun furen yana fari da rawaya kafin ya koma gashi, tunda iri in ya tashi ba ya tambayar iyakar gona. Mai tumaki da awaki ya zagaya turke da hanyar da suke bi zuwa ruwa tun cikin Yuli da farkon Agusta ya tuge duk abinda ya ga ya miƙe ya rabu biyu, a lokacin ba safar hannu ma yake buƙata ba, in ya bari sai Oktoba kuwa sai da manjagara da ashana, kuma ya duba jela da gashin cikin duk dabbar da ya sayo daga kasuwa ya cire ƙayoyin ya jefa a murhu kafin ya shigar da ita gida.